Kiwon Tarwaɗa a Gida: A Auna Rijiya Kafin a Sayi Bulo

Duk wanda ya san ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan ya san Allah Ya yi wa mutanenta ni'imar fadama, Ya kuma hore musu hikimar sarrafa ruwa, wadda da ita suke fitar da raken Maƙarfi da mazarƙwailarsa, da tumatir da barkonon Ikara, da inabin da ya ɗaga sunan Kudan a 'yan shekarun nan. Saboda haka magidancin wannan yanki da ya yi niyyar gina tafkin kifi a bayan ɗakinsa bai ɗauko baƙon abu ba. Sana'ar ma ta daɗe a Nijeriya, domin tun farkon shekarun 1950 aka kafa gonar kifi a Panyam ta ƙasar Filato, yau kuwa babu ƙasar Afirka da ta kai tamu yawan tarwaɗar kiwo.

Sharaɗi na farko, wanda galibin masu farawa kan yi sakaci da shi alhali a kansa riba da hasara suke rataye, shi ne mutum ya auna tafkinsa da ruwan da rijiyarsa ke bayarwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da guga kan dawo da laka, domin ruwan Agusta ruɗi ne. Alal misali, tafki mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2, in aka cika shi zuwa zurfin mita 1, yana cin lita 6,000, wato jarka 240 mai lita 25, kuma ya isa wa ɗan koyo ya zuba kifi kamar 300. Idan kifin ya tasa, wajibi ne a riƙa zubar da sulusin ruwan ko rabinsa bayan kwana biyu ko uku ana zuba sabo. Wanda zai sayi wannan ruwa daga kurar 'yan garuwa, to ya sani ribarsa ta ƙare tun bai kama kifi ɗaya ba.

In ruwa ya tabbata, sai a zaɓi wurin da rana ke samu da safe, inuwa kuma ta rufe da azahar. A gina da bulo da siminti, a shafe ciki sumul don kada kifi ya kuje jikinsa, a karkata daɓen zuwa kusurwa guda inda za a sa bututun fitar da ruwa. Mai ƙaramin ƙarfi, ko ɗan haya, tafkin tamfol ya wadatar da shi. Sabon siminti kuwa dafi ne ga kifi, don haka a cika tafkin da ruwa, a jefa buhun busasshiyar ciyawa ko taki, a bar shi mako biyu, sa'an nan a wanke sarai, a gwada da kifi biyar kafin a zuba sauran.

An fi zaɓar tarwaɗa a kan karfasa saboda Mahalicci Ya ba ta wata gaɓa da take shaƙar iska kai tsaye da ita, shi ya sa take jure cunkoson da zai hallaka wani kifin. Illarta ita ce babba na cin ƙarami, don haka a sayi 'ya'ya masu tsawon yatsa, tsara ɗaya, daga amintaccen mai ƙyanƙyasa, kuma duk mako biyu a sa homa a tsame waɗanda suka yi wa 'yan uwansu fintinkau a ware su dabam.

Abinci shi ke cinye kusan kashi biyu cikin uku na jari, almubazzaranci a cikinsa kuwa hasara biyu ce, domin wanda ba a ci ba yana ruɓewa ya ɓata ruwa. A watsa shi kaɗan kaɗan safe da yamma. Muddin ruwan na tafarfasa da wawaso a ci gaba, da zarar ƙwayoyin sun fara yawo a sama ba mai taɓa su, a ɗage hannu. In kuwa aka wayi gari aka tarar da kifaye sun miƙe tsaye a saman ruwa, gashin bakinsu a waje, ga wari na tashi, to a dakatar da abinci, a sake ruwa nan take. Kada a ɗebo ruwan da ya gangaro daga lambun da aka yi wa feshin magani.

Da yake tarwaɗa mai son ɗumi ce, sanyin hunturu na Disamba da Janairu kan hana ta cin abinci, girmanta ya tsaya. Maslaha ita ce a zuba 'ya'ya da faɗuwar damina, wajen watan Mayu ko Yuni, domin a wata biyar ko shida ta kai kimanin kilo 1, a kwashe kafin iska ta juyo. Mai neman ƙarin bayani yana iya zuwa wurin malaman gona na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru.

Saura haƙƙoƙi biyu da ba za a yi wasa da su ba. A kewaye tafkin a rufe shi da raga, saboda tsuntsaye da guza, kuma mafi muhimmanci saboda yara ƙanana, waɗanda amana ne a wuyan maigida. Sa'an nan kada a saki ruwa mai ƙarni a lungu a cuci maƙwabta; a ja shi ta lambatu zuwa gindin zogale da alayyafo da kuɓewa, domin taki ne mai ƙarfi. Kifin da bai samu mai saye ranar kwasa ba kuwa, a yi masa banda a ajiye, kada dillali ya ga gaggawar mai kaya ya karya masa farashi.