Hankali da wahayi: Tsohuwar muhawarar da Potiskum ta ɗanɗani ɗacinta

A safiyar Litinin, 10 ga Nuwamban 2014, wani ɗan ƙunar baƙin wake sanye da kayan makaranta ya saje da ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Potiskum, lokacin da suka yi layi a filin taron safe. Fiye da mutum 40 ne suka rasu, akasarinsu yara. A Yulin 2013 ma an kashe gomman ɗalibai a makarantar Mamudo, kusa da garin.

An yi rubuce-rubuce da yawa kan gazawar tsaro da talauci. Abin da ba a cika taɓowa ba shi ne aƙidar da ta halatta jinin ɗan makaranta. A hirarsa da BBC a 2009, Muhammad Yusuf, wanda ɗan asalin Jihar Yobe ne, ya ƙaryata cewa duniya a dunƙule take, ya kuma ƙaryata bayanin da kimiyya ke yi kan samuwar ruwan sama, yana ganin duk sun saɓa wa addini. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan magana tsohuwa ce: ina iyakar hankali a gaban wahayi? Yahudawa da Kiristoci sun shafe ƙarnuka suna fafatawa da ita, kuma babban ɓangare na wannan fafatawa a Afirka aka yi shi, da Larabci.

Daga Iskandariyya zuwa Ƙurɗuba

A ƙarni na ɗaya, wani malamin Yahudawa a Iskandariyya mai suna Filo ya shiga fassara Attaura da ma'aunin falsafar Aflaɗun, bisa yaƙininsa cewa gaskiya ba ta karo da gaskiya. Kiristocin farko kuwa sun rabu biyu. Tatuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, yana ganin babu abin da ya haɗa makarantar Girkawa da koyarwar annabawa, kuma falsafa ce uwar bidi'o'i. Agustin, wanda aka haifa a 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, ya ɗauki wata hanyar: imani ne ke gaba, amma aikinsa ya buɗe wa hankali ƙofar fahimta.

Bayan bayyanar Musulunci, muhawarar ta koma Bagadaza. Kiristoci irin su Hunainu bin Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, su ne suka juya littattafan Girkawa zuwa Larabci. Sa'adiya Gawon, Bayahuden da aka haifa a Fayyum ta Masar, ya ari hanyoyin malaman ilimin kalam na Musulmi ya kare aƙidar Yahudawa da su.

Wanda ya yi zarra shi ne Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba, garin Ibn Rushdi. Ya zauna a Masar yana aikin likita a fadar gidan Salahuddin, ya rasu a 1204. Littafinsa Dalalatul Ha'irin, wanda ya rubuta da Larabci cikin haruffan Ibraniyanci, ya yi shi ne domin mumini da ya karanta Aristotal ya shiga ruɗani. Matsayinsa shi ne, duk ayar da zahirinta ya ba Allah jiki ko gaɓoɓi dole a yi mata tawili, domin hujja yankakkiya ta kore haka. Amma iƙirarin Aristotal cewa duniya ba ta da farko, ya ce ba a kafa masa irin wannan hujja ba, don haka babu dalilin barin maganar annabawa.

Haramci da sassauci

Jama'arsa ba su karɓi wannan hannu bibbiyu ba. A 1232 wasu malaman Yahudawa a kudancin Faransa suka haramta karanta littafin. A 1305 malaman Basalona suka hana duk wanda bai kai shekara 25 ba karanta falsafar Girkawa, amma suka cire ilimin likitanci daga haramcin. Ko a lokacin fushi, sun san cewa maras lafiya ba zai jira a gama muhawara ba.

Haka abin ya kasance a wajen Kiristocin Turai. Toma Akwinas, wanda ya rayu daga 1225 zuwa 1274, ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushdi da Ibn Maimun cikin fassarar Latin. Ya raba aiki gida biyu: hankali na iya kafa hujjar samuwar Allah, amma akwai aƙidun da sai ta wahayi ake saninsu. Shekara uku bayan rasuwarsa, a 1277, Bishop na Paris ya haramta maganganu 219 na masu falsafa, wasunsu sun shafi koyarwar Akwinas. Bai kai shekara 50 ba, a 1323, coci ta ɗaga shi zuwa matsayin waliyyi, kuma a 1879 Fafaroma Liyo na 13 ya umarci makarantun Katolika su koma ga tafarkinsa.

Darasin da ya fi dacewa da Potiskum yana bakin Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111. Shi ne ya ragargaji masu falsafa, har ya kafirta su a kan mas'aloli uku. Duk da haka ya gargaɗi masu musun bayanin kusufin rana da husufin wata da sunan kare addini, yana mai nuna cewa ɓarnar da suke yi wa addinin ta fi ta maƙiyansa, domin wanda ya ga lissafi ya tabbata ba lissafin zai zarga ba, addinin zai zarga.

Gadon da ke zaurukanmu

Wannan tattaunawa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Borno da ƙasar Hausa. Littafin Ummul Barahin na Imam Sanusi, mutumin Tilimsan da ya rasu a 1490, ya daɗe a zaurukan malamai, kuma da hukuncin hankali yake farawa: wajibi, da mustahili, da ja'izi. Ke nan ɗalibin tauhidi yana koyon manɗiƙi tun a darasin farko. Da wasu suka wuce gona da iri, suna kafirta talakan da bai iya zayyana hujjojin ba, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi musu raddi. Jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864 kuma ya karantar a Salame, ya nazarci ra'ayoyin masu falsafa ya auna su da wahayi.

Saboda haka, wanda ya ce a zaɓi ɗaya tsakanin allo da ɗakin gwaje-gwaje bai gaji wannan daga Shehu ko Ghazali ba. Addinan uku duk sun yi haramci, wani lokaci mai tsanani, amma manyan malamansu sun bi hanya guda: rarrabe abin da hujja ta tabbatar da abin da hasashe ne kawai.

A nan ne maganar ta shafi masu tsara manufofi a Abuja. Najeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu ta duniya a 2015, an kuma yi ta maganar katanga da masu gadi. Katanga tana tare mai bam, amma ba ta amsa tambayar yaron da malamin kimiyya ya gaya masa abu ɗaya da safe, mai wa'azi ya gaya masa kishiyarsa da dare. Potiskum gari ne da Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya, kuma akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke yaye malaman makaranta. Idan malamin darasin addinin Musulunci da na Kirista suka fito daga irin wannan kwaleji da sanin yadda Ghazali da Ibn Maimun da Akwinas suka tunkari wannan tambaya, ɗalibi zai sami amsarsa a aji, kafin wani ya ba shi wata a daji.