Asirans ko cefane: abin da ke sa motoci da babura yawo ba takarda

Duk wanda ya saba fita da safe a Maraɗi ya san alamar ranar da ƴan sanda suka fito binciken takardu. Tun daga nesa za ka ga ƴan kabu-kabu suna ɗaga wa juna hannu, sai babura su riƙa karya kwana suna shiga lungu, mai taksi kuma ya sauke fasinja tun bai kai inda aka yi ciniki ba. Ba motocin sata ba ne, yawancin masu su kuma ba mutanen banza ba ne. Magidanta ne da takardunsu ba su cika ba, takardar da ta fi ɓacewa kuwa ita ce ta asirans, wadda maƙwabtanmu na Nijeriya ke kira inshora. Abin da ake gani a Maraɗi shi ake gani a Damagaram da Tawa da Ƙonni, har birnin Yamai.

Doka dai ba ta bar wurin gardama ba. Nijar tana cikin ƙasashe 14 na Afirka da ke bin kundi guda na asirans, kundin CIMA, wanda aka sa hannu kan yarjejeniyarsa a Yawunde ran 10 ga Yuli 1992, ya fara aiki a 1995. Aya ta 200 ta kundin ta wajabta wa duk mai abin hawa da inji ke ja a ƙasa ya yi asirans kafin ya hau hanya. Ba ta ce mota kawai ba. Babur yana ciki, adaidaita tana ciki, haka babbar mota da tirelar da take ja. Gwamnati ce kaɗai aka ware.

Abin da takardar ke rufewa

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, daga ruɗin kuma ake samun ƙiyayyar da ake yi wa asirans. Mutum ya biya shekara uku, ran nan taya ta fashe masa a hanyar Tasawa, mota ta faɗa rami, ya je kamfani a ce masa ba shi da ko dala. Sai ya fito yana cewa an cuce shi, ya rantse ba ya ƙara biya. Alhali tun farko ba abin da ya saya ke nan ba. Asirans ta dole ba ta gyara motarka, ba ta biyan magani ga direban da ke riƙe da sitiyari. Aikinta shi ne ta biya a madadinka ɓarnar da ka yi wa wani: wanda ka kaɗe yana tafiya a ƙasa, mai keke, mai amalanke da shanunsa, motar da ka daka, katangar da ka rusa, da fasinjan da ka ɗauko. Wanda ke son a gyara masa tasa motar, ko a biya shi idan an sace ta ko ta ƙone, sai ya sayi wata kariya ta daban, kuɗinta kuma ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Akwai abubuwa biyu cikin kundin da ya kamata kowane magidanci ya sani. Na ɗaya, iyalin direba da iyalin mai mota ana lissafa su cikin waɗanda za a biya. Wato idan ka ɗauko matarka da ƴaƴanka za ku gaisuwa Madarunfa, hatsari ya auku suka ji rauni, takardar nan da kake ganin ta ƴan sanda ce, su za ta yi wa amfani. Na biyu, ko direba ba shi da farmi, kamfani ba ya iya fakewa da wannan ya hana wanda aka kaɗe haƙƙinsa. Zai biya shi, sa'an nan ya juyo ya bi mai laifi ya karɓi kuɗinsa. Masu ba yaro ɗan shekara 15 babur ya je aike, ku lura da wannan.

Farashi kuma ba ɗaya ba ne ga kowa. Kowace ƙasa tana da mafi ƙarancin kuɗin da ba a yarda kamfani ya sauka ƙasa da shi ba, ana kuma duba ƙarfin inji, da aikin da motar ke yi, da yankin da take yawo. Shi ya sa mai taksi da mai motar jigila tsakanin garuruwa suke biyan fiye da malamin lekol da ke da mota irin tasu: su kullum suna kan hanya, rayukan mutane kuma suke ɗauka.

Lissafin mai gida

To, in doka ta fito fili haka, me ya sa ake gudun ta? Amsar tana cikin aljihu. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya daɗe a kan sefa 30.047 a wata tun 2012, sai a Janairu 2024 aka ɗaga shi zuwa jika 42. Yawancin masu babur da tsofaffin motoci ma ba albashi gare su ba, abin da rana ta kawo shi ake ci. Shekarun nan kuwa ba su zo da sauƙi ba. A ƙarshen Mayu 2023 Nijeriya ta cire tallafin mai, man ruwa-ruwa da Maraɗi da Damagaram suka dogara da shi shekara da shekaru ya daina araha. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakoki, shinkafa da kayan gyaran mota da ke biyowa ta Kwatano suka yi tsada. Gaskiya ne a Yuli 2024 hukuma ta rage litar esans daga sefa 540 zuwa 499, wanda ke zuba mai kullum ya ji sauƙin, amma ragin bai cike ramin da sauran kaya suka haƙa ba.

Mu ɗauki misali, mu ce asirans ɗin motarka jika 60 ne a shekara. Idan ka raba shi kwana 365, bai kai sefa 165 a yini ba, wato dala 33, abin da bai sayi rabin litar esans ba. Masu kamfani suna son irin wannan lissafi, kuma daidai ne a kan takarda. Amma babu wanda ke karɓar dala 33 kowace safiya. Jika 60 ake so a dunƙule, rana ɗaya, kuma sau da yawa ranar tana faɗowa watan komawa lekol, ko jajibirin Salla, ko tsakiyar damina lokacin da rumbu ya ƙare hatsi ya hau. Magidancin da aka ajiye wa buhun hatsi a dama, takardar da ake liƙawa a gilashi a hagu, kowa ya san wanda zai ɗauka. Ni ma da nake wannan rubutu na taɓa barin tawa ta mutu wata biyu saboda kuɗin littattafan yara, ina tuƙi zuciya na dukan uku-uku.

Da can akwai wata ƙofa. Wakilin kamfani da ya san ka yakan ba ka takarda ka biya daga baya, ko ka biya kaɗan-kaɗan. A 2011 ministocin ƙasashen CIMA suka gyara aya ta 13, suka rufe wannan ƙofa: asirans ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Dalilinsu mai ƙarfi ne, domin bashin da kamfanoni ke bi ya taru har wasu na kasa biyan waɗanda aka yi wa ɓarna. Sai dai nauyin gyaran ya fi sauka kan ƙaramin mai mota. Abin da ya rage masa shi ne asirans ta wata ɗaya, ko uku, ko shida. Ita kuma idan ka haɗa ta har shekara ta zagayo, ka biya fiye da wanda ya biya gaba ɗaya. Mai ƙaramin ƙarfi ke nan ya fi mai kuɗi biya.

Ga ɗan kabu-kabu abin ya fi rikicewa. Sau da yawa babur ba nasa ba ne, na wani alhaji ne ko wata ma'aikaciya da ke jiran a kawo kuɗi kowace yamma. Mai babur ya ce yaro ke hawa, shi ya kamata ya yi takarda. Yaro ya ce shi ɗan aiki ne, dukiya ba tasa ba. A haka babur zai shekara yana ɗaukar mata da yara ba abin da ke rufe su.

Akwai kuma lissafin da ba a faɗa a fili. Direba yakan auna kuɗin asirans da ɗan abin da yake miƙawa a shinge idan an tsayar da shi, ya ga na biyun ya fi sauƙi. Muddin ana iya wuce shinge da dala ɗari cikin kartagiris, wa'azin rediyo ba zai sa mutane layi a ƙofar kamfani ba. Wasu kuma sukan sayi takardar jabu a bakin tasha da rabin kuɗi. Ita tana iya wuce idon jandarma da dare, amma ranar hatsari ba kamfanin da ya san da ita.

Ranar da abin ya faru

Wanda ya kaɗe mutum ba shi da asirans, komai a kansa yake. Mota ta tafi furiyar, shi yana hannun hukuma, ƴan uwansa suna zirga-zirga tsakanin kwamisariya da likita. Tun Satumba 2024 an rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati, abin a yaba ne, amma karayar cinya da ke son aiki da ƙarfe, ko ciwon kai da sai an kai Yamai, har yanzu suna cinye dukiyar gida. A sayar da babur, a sayar da bisashe, wani lokaci har gonar gado. Kuɗin da aka ƙi biya na shekara ɗaya sai a biya ninkinsa goma ko ashirin cikin mako biyu.

Amma wanda ya fi shan wahala shi ne wanda aka kaɗe. A ƙasar Hausa an saba, idan rai ya salwanta, dattawa su zo da limami, iyalan mamaci su ce ƙaddara ce, sun yafe. Halin kirki ne, ba mai zargin sa. Sai dai sau da yawa mazan dangi ne ke yafewa, matar mamaci da marayu shida kuwa su ne za su kwana da yunwar. Ba a tambaye su ba. Da motar tana da asirans, da an biya su ba tare da an tsiyata direba ba, domin kundin ya tsara rabon matar aure da ƴaƴa da iyaye, ana lissafi bisa abin da mamaci ke samu, ko bisa mafi ƙarancin albashi idan ba shi da shaidar samu.

Wasu malamai suna ƙyamar asirans, suna ganin akwai caca da riba a ciki, wasu kuma sun halatta ta dole saboda lalura. Abin da ba a gardama a kai shi ne, a fiƙihu diyyar kisan kuskure raƙuma 100 ce, kuma ba a ɗora ta kan mutum ɗaya ba, dangi ke haɗuwa su biya. Yau wane dangi ne a Gidan Rumji ko Mirya zai tara wannan? A 2019 CIMA ta fitar da ƙa'idar takaful, wato asirans ta taimakon juna bisa tsarin Musulunci. Kamfanin da ya kawo ta ƙofar tasha da farashin da talaka zai iya, zai rufe bakin masu wannan uzuri.

Su ma kamfanoni suna da nasu. Asirans ba baƙuwa ba ce a nan, SNAR-Leyma tana aiki tun ƙarshen shekarun 1970, ga CAREN da NIA da SUNU da wasunsu. Duk da haka, a idon mutumin ƙauye asirans haraji ce kawai, domin ya ga mai karɓa, bai taɓa ganin wanda aka biya ba. Kundin ya ba kamfani wa'adin gabatar da tayin diyya, ko rauni ne ko mutuwa. Amma kafin a kai nan ana son takardar haihuwa, da ta aure, da ta mutuwa, da ta gado daga kotu, da shaidar likita. Matar da aka ɗaura wa aure a ƙofar gida ba tare da takardar meri ba, daga ina za ta fara? Da yawa sukan gaji su bari. Kundin ya kuma tanadi kowace ƙasa ta kafa asusun da zai biya wanda mota marar asirans ta kaɗe, ko wanda direba ya kaɗe ya gudu. Senegal tana da irinsa tun shekarun 1990. Irin wannan asusu ba ya da amfani sai mutumin Dakoro ya san ƙofarsa, ya ga maƙwabcinsa ya shiga ya fito da kuɗi.

Maƙwabta ma suna fama. A Janairu 2023 Nijeriya ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta ƙaramar mota daga naira 5.000 zuwa 15.000, a Fabrairu 2025 kuma ƴan sandanta suka shiga kamen masu yawo ba ita. Direbobinmu da ke bin Ɗan Isa zuwa Katsina, ko Magarya zuwa Kano, sun daɗe da sanin katin ruwan ƙasa na CEDEAO da aka kafa a 1982. Tun da Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairu 2025, kada direba ya ƙetara iyaka sai ya tambayi kamfaninsa ƙasashen da takardarsa ke rufewa.

A ganina, hanya mafi kusa tana hannun ƙungiyoyin direbobi da na ƴan kabu-kabu. Kowace tasha tana karɓar kuɗin layi kullum. Da za a ware wani abu daga ciki kamar adashi, a je a yi wa mambobi asirans ta shekara a dunƙule, da matsalar biya rana ɗaya ta ragu, kamfani kuma ya fi jin maganar mutum 300 a kan ta mutum ɗaya.

Ga wanda hatsari ya riga ya samu kuwa, kada a ɗauke mota kafin ƴan sanda ko jandarma su zo su auna, ko da an ce a sasanta. Rahotonsu shi ne tushen duk wata diyya, doka kuma ta ba su wata 3 su aika wa kamfani kwafinsa. Mai mota ya sanar da kamfaninsa cikin kwana 5 na aiki. Ƴan uwan wanda ya ji rauni su rubuta lambar mota da sunan kamfanin da ke jikin gilashi, su adana kowane rasit na magani, komai ƙanƙantarsa. Bayan shekara 5 da aukuwar hatsari, damar neman haƙƙi ta wuce.