Atabaska: Kogin Ƙanƙara Mai Sunan Fadama

A yammacin Kanada, cikin tsaunukan Roki na lardin Alberta, akwai makeken filin ƙanƙara da ake kira Columbia. Dusar ƙanƙara ta shekara da shekaru ce ta taru ta danne juna har ta daskare. Daga gindinta kogin Atabaska ke fitowa, ya ratsa gandun Jasper, ya miƙa arewa maso gabas fiye da kilomita 1,200, sannan ya faɗa tafkin da suke suna ɗaya. Daga nan ruwan ya bi kogin Slave da na Mackenzie har tekun Arctic.

A can sama ruwan fari-fari ne, sai ka ce an dama koko, domin ƙanƙarar tana tafiya a hankali tana niƙe duwatsun da ke ƙarƙashinta. Lokacin zafi, wajen Yuni da Yuli, kogin kan cika ya batse. Da hunturu kuwa sai ya ƙanƙance, samansa ya daskare.

Sunan dai bai da alaƙa da tsauni ko ƙanƙara. Daga harshen mutanen Cree ya fito, ma'anarsa wurin da tsirrai ke jere ɗaya bayan ɗaya. Fadamar da ke bakin tafkin suke nufi, inda Atabaska da kogin Peace suka shimfiɗa laka da ciyayin ruwa, matattarar agwagin daji da kifi. Wurin da ke ciyar da mutane shi suka fara raɗa wa suna, daga baya sunan ya hau kogin har tushensa. Fataken fatu ne suka yaɗa shi, tun daga Peter Pond wanda ya kafa zango a yankin a 1778.

Sunan bai tsaya nan ba. A 1836 Albert Gallatin ya ɗauke shi ya laƙaba wa wani babban dangin harsuna, wanda ya haɗa da na mutanen Dene a arewa har da Navajo da Apache a kudu maso yammacin Amurka. A ganina an ƙware su: kalmar maƙwabta ce aka ɗora musu, alhali suna da sunan da suke kiran kansu da shi.

Yau fadamar tana cikin matsi. Madatsar Bennett da aka kammala a 1968 a kan kogin Peace ta rage ambaliyar da ke shayar da ita. A kewayen garin Fort McMurray kuma kamfanonin da ke tatsar mai daga yashi suna jan ruwan Atabaska har da hunturu, lokacin da ya fi ƙaranci. Shi ya sa a 2014 al'ummar Mikisew Cree ta kai ƙorafi UNESCO, tana neman a saka gandun Wood Buffalo, wanda akasarin fadamar ke cikinsa, a jerin wuraren tarihi na duniya da ke cikin haɗari.