Tsarin Jirgin Ruwa Mai Dandamali

Wajen 1952, a Minesota ta Amurka, wani manomi, Ambrose Weeres, ya ɗora dandamalin katako bisa gangunan ƙarfe jeri biyu, jirgi ya samu. Wuyar kuwa tana wajen tsara samansa. Masunci fili yake so, da kujera a kusurwa, don kada zaren fatsa ya sarƙe. Mai kwana a tafki kuwa rumfa yake nema, da benci mai akwati, watau ma'ajiyar abinci da bargo. A ganina gara fili, gama ana shimfiɗa tabarma a kwanta, amma kafaffen benci ba ya gusawa. Kaya masu nauyi dai a tsakiya. In aka tara su a goshi, igiyar ruwa sai ta hau dandamalin.