Wa ke magana da yawun Sudan?

A ƙarshen watan Agustan 1967, ƙasa da wata uku bayan yaƙin kwana shida tsakanin Larabawa da Isra'ila, shugabannin Larabawa suka hallara a Khartoum, suka tashi da matsaya guda: ba sulhu da Isra'ila, ba amincewa da ita, ba zama da ita a teburi. A gidan Firaminista Muhammad Ahmad Mahjub ne kuma aka zaunar da Gamal Abdel Nasser na Masar da Sarki Faisal na Saudiyya har suka yarda su kawo ƙarshen rikicinsu a Yaman. Sudan a lokacin ƙasa ce matalauciya mai shekara 11 da samun 'yanci, amma ta iya sasanta manya.

A ƙa'ida, manufar harkokin waje tana da masu ita. Shugaban gwamnati ke sa alƙibla. Ma'aikatar harkokin waje ke nazari, ta ba da shawara, ta tura jakadu su zama idon ƙasa da bakinta. Majalisa kuma ita ke tantance yarjejeniya kafin ta hau kan jama'a. Ko tsarin birnin ya nuna haka: fadar shugaban ƙasa tana bakin Shuɗin Nilu a Khartoum, ginin majalisa yana tsallaken Farin Nilu a Omdurman, sai an haye gada ake isa.

Abin da ƙasa ke nema a waje kuwa yanayinta ne ke tsara shi. Na Sudan ruwa ne. A 1959 gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Abbud ta raba ruwan Nilu da Masar: kubik mita biliyan 55.5 a shekara ga Masar, biliyan 18.5 ga Sudan. Yarjejeniyar ta buɗe wa Masar hanyar gina madatsar Aswan, tafkin ya cinye garin Wadi Halfa, aka kwashi dubban Nubiyawa a jirgin ƙasa zuwa Khashm al-Girba, nesa da dabinonsu da kaburburan iyayensu. Babu majalisar da aka tambaya, domin sojoji sun rufe ta tun 1958. Habasha ma, wadda mafi yawan ruwan daga tsaunukanta yake gangarowa, ba a gayyace ta ba, kuma har yau wannan tsallakewar tana cikin rigimar madatsarta.

Daga nan alƙiblar ta riƙa juyawa da buƙatar mai mulki. Ja'afar Numairi ya hau a 1969 yana jingine da Tarayyar Sobiyat. Da 'yan gurguzu suka yi yunƙurin kifar da shi a 1971, sai ya koma wajen Amurka. Gwamnatin Omar al-Bashir ta ba Usama bin Laden masauki daga 1991 zuwa 1996. Amurka ta sa Sudan cikin jerin masu goyon bayan ta'addanci a 1993, ta ƙaƙaba mata takunkumi a 1997, ta ragargaza masana'antar magunguna ta al-Shifa a Bahri a 1998. Wanda ya ɗanɗana kuɗar takunkumin shi ne ɗan kasuwar Omdurman da bankunan waje suka daina karɓar kuɗinsa, da asibitin da injinsa ya tsaya saboda rashin kayan gyara. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, aljihu ya bushe, sai Bashir ya tura sojoji Yaman a 2015 don faranta wa Saudiyya, ya yanke hulɗa da Iran a 2016.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne a Fabrairun 2020, lokacin gwamnatin riƙon ƙwarya bayan faɗuwar Bashir. Shugaban majalisar mulkin ƙasa, Janar Abdel Fattah al-Burhan, ya gana da Firaministan Isra'ila Benjamin Netanyahu a Entebbe, majalisar ministocin Firaminista Abdalla Hamdok ta ce ba a sanar da ita ba. Ko mutum yana goyon bayan hulɗa da Isra'ila ko yana ƙi, sauya matsayar shekara 53 magana ce ta wakilan jama'a, kuma majalisar riƙon ƙwaryar da aka yi alkawari ba a taɓa kafa ta ba. A Disambar 2020 Amurka ta cire Sudan daga jerin bayan ta yarda da biyan diyyar dala miliyan 335. Hanyar yafe bashi ta fara buɗewa, juyin mulkin Oktoban 2021 ya sake toshe ta.

Jiragen ruwa biyu ba sa tafiya da matuƙi ɗaya, jirgi ɗaya ma ba ya tafiya da matuƙa biyu. Burhan yana da aminansa a waje, Hemedti, shugaban dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, yana da nasa, kowa da inda yake samun kuɗi da makami. Ranar 15 ga Afrilun 2023 suka far wa juna. Cikin kwanaki ofisoshin jakadanci suka rufe, wasu da fasfon masu neman biza a kulle a ciki. Ɗalibanmu na Kano da Katsina da Sakkwato, da yawansu 'yan Jami'ar Afirka ta Khartoum, suka shiga motoci zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a hamada suna jiran Abuja da Alƙahira su daidaita kan sharuɗɗan shigarsu. Hausawan Sudan kuwa, jikokin mahajjata da na mutanen da suka bi Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, babu jirgin da ya zo ɗaukarsu, domin can ne gida. Gwamnati ta ƙaura zuwa Port Sudan, daga can ta ci gaba da karɓar jakadu, ta maido da hulɗa da Iran, sannan a Mayun 2025 ta yanke da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa bisa zargin tana ba RSF makamai.