Tsatsa A Ciki, Fenti A Waje: A Duba Tarihin Mota Kafin A Biya

'Yan uwa fatake da dillalai, a cikinmu babu wanda zai sayi sa don kyan ƙahonsa kawai. Sai mun buɗe bakinsa mun ga haƙora, mun duba kofato, mun sa an kora shi mun ga tafiyarsa, sa'an nan mu tambayi takardar allura. To amma abin mamaki, in aka zo sayen motar hannu, wadda wasu ke kira Beljiyam wasu tokumbo, sai ka ga gwanin ciniki ya tsaya kallon fenti da kujeru. Alhali motar nan ita za ta ɗauke shi da jarinsa daga Maraɗi zuwa Jibiya, ko daga Ƙwanni zuwa Illela.

Yawancin motocin nan daga Turai suke zuwa, su sauka a tashoshin jiragen ruwa irin na Kwatano da Lome. A can ƙasashensu, in hunturu ya zo ƙanƙara ta rufe hanya, hukuma gishiri take barbaɗawa don ta narke. Ruwan gishirin nan shi ke fantsama ƙarƙashin mota, ya maƙale a lungunan shasi shekara da shekaru. Tsatsa kuwa halinta na gara ne, daga ciki take ci. Kafin a gan ta a waje ta riga ta gama aiki.

Saboda haka hukumomin can ba su wasa da awon lafiyar mota, abin da muke kira bizit. A Ingila an soma shi tun 1960, suna ce masa MOT, kuma mota in ta cika shekara 3 sai an auna ta kowace shekara. A Jamus, inda aka fi saninsa da TÜV, awon farko bayan shekara 3 ne, daga nan duk shekara 2. Faransa ta wajabta nata a 1992; yanzu awon farko bayan shekara 4 ne, sa'an nan duk shekara 2. Tun 2018 ake kasa aibin mota kashi uku a Faransa da Ingila: ƙarami, babba, da mai haɗari. A Faransa motar da aka samu da aibi mai haɗari ba ta da izinin hawa titi bayan ranar awon, sai an gyara ta. A Ingila kuma, in tsatsa ta raunana ƙarfe cikin tazarar santimita 30 daga inda aka ɗaure birki, sitiyari, sifirin ko bel ɗin kujera, motar ta faɗi.

Yanzu sai mu tambayi kanmu: motar da ta faɗi, ina take zuwa? Aikin walda a Turai tsada gare shi, sau da yawa ya fi kuɗin tsohuwar motar. Sai mai ita ya sallamar wa 'yan fito. A 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan. Binciken da hukumomin Holan suka yi kuma ya nuna galibin waɗanda ke barin ƙasarsu zuwa Afirka ba su da takardar awo mai rai. Ke nan ba duk Beljiyam ce lafiyayya ba. Wata korarriya ce daga gida.

Shi ya sa muke cewa takarda ɗaya ba ta isa ba, tarihi ake nema. A roƙi mai sayarwa ya kawo duk takardun awon da suka biyo motar, a jera su bisa shekara. A nemi kalmar corrosion a takardar Faransanci ko Turanci, Korrosion ko Rost a ta Jamusanci. In bana an ce tsatsa kaɗan, baɗi an ce ta ƙaru, shekara ta uku kuma babu takarda, to labarin ya fito fili. A duba kilomita ma: lamba gaba take yi, ba ta komawa baya. Sa'an nan a gwada lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, da wadda ke kan takarda. In dillali ya ce takardu sun ɓace, a ɗauka motar ba ta da shaida, a taya ta a kan haka.

Bayan takarda sai ido da hannu. Ba a cinikin biri a sama. A kai motar gareji mai rami, a shiga da bakaniken da ba na mai sayarwa ba, da tocila da sukundireba. A ƙwanƙwasa shasi daga gaba har baya: ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ya amsa a dushe ko ya zubo gari. A duba mazaunin sifirin da shokazoba, da bututun birki, da ƙasan ƙofofi, da gurbin tayar safaya. A ɗaga shimfiɗa a ga daɓen. A bi bodi da mayen ƙarfe. Inda ya ƙi kamawa sosai, an cika rami da mastik ne aka bi da fenti. Sabon baƙin kwalta a ƙarƙashin tsohuwar mota kuwa abin tuhuma ne. Tsatsar da ta tsaya a fata ana kankare ta a shafa fenti. Wadda ta huda shasi, a bar wa mai ita abinsa, ko nawa ya rage. Araha ba ta ado.

Wasu kan ce ai ƙasarmu busasshiya ce, tsatsa ba ta ci gaba. Gaskiya ne rani yana rage mata gudu, amma ƙarfen da ta cinye ba ya dawowa, kuma gargadar hanya da lodi su ke ƙarasa shi. Ga shi kayanmu ma abokan tsatsa ne: fitsari da kashin shanu, da buhunan kanwa da gishiri, duk suna cin daɓen mota. In aka gangara kudu, damshin bakin teku ya ɗora nasa. Don haka masu a-kori-kura da manyan motoci su riƙa kwashe yashi da tattakar da aka shimfiɗa wa dabbobi, su wanke bodi bayan kowace tafiya, su bar kafofin ruwa a buɗe. Daɓen da ya ɓurma da sa a kansa, ƙafa ta karye, sai yanka a hanya da sayarwa a wulaƙance. Bututun birki in ya fashe a gangara kuwa, maganar ta wuce ta dukiya.

Daga ƙarshe, kada mu mai da bizit ɗinmu na gida takardar nuna wa jandarma kawai. A kai motar da kanta a auna, a adana takardun shekara bayan shekara. Ranar da za mu sayar, su ne shaidarmu, su ne kuma za su ɗaga mata daraja. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa.