Ƙaton Ƙarfe a Fim, Kwali a Kano

Masu zama gidan kallo a Gummi ko Anka sun san Chitti, mutum-mutumin da Rajinikanth ya fito a matsayinsa a fim ɗin Indiya na 2010. Sun kuma san motocin Transformers masu miƙewa tsaye su rikiɗe ƙattin ƙarfe. Finafinan ba su rasa rigima ba. A 2009 an soki Transformers na biyu da yi wa baƙaƙen fatar Amurka shaguɓe, a 2018 kuma kamfanonin waya na Indiya suka kai ƙarar fim ɗin 2.0, ci gaban labarin Chitti, wai yana tsorata jama'a da wayar salula.

Sai dai ƙaton nan na fim mai tsallake gini zanen kwamfuta ne. Dalili kuwa lissafi ne: in ka ninka tsawon abu da faɗinsa da kaurinsa sau biyu, nauyinsa zai ninku sau 8, ƙarfin ƙafafunsa kuwa sau 4 kacal. Shi ya sa tururuwa ke ɗaukar abin da ya fi ta nauyi, giwa ko tsalle ba ta yi. Japanawa ma, da duk kuɗinsu, da suka kafa mutum-mutumin Gundam mai tsawon mita 18 a Yokohama a 2020, sai da suka tokare shi ta baya, yana ɗaga ƙafa a hankali kamar mai ciwon gwiwa.

Ni mutum-mutumin Kano ya fi burge ni. A 2022 Isah Auwal Barde, yana ɗan shekara 17, ya fito da mutum-mutumin da ya haɗa da kwali da bututu da wayoyi da ƙananan injina. Yakan ɗaura wata na'ura a jikinsa, in ya ɗaga hannu abin ya ɗaga nasa. Kafin shi, a 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibi a Jami'ar Bayero, ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic. Wannan hannu ɗaya ne da na yaron da ke fere kara ya yi mota, ya yanka tsohon silifa ya yi mata taya. Mukan ce masa ya daina ɓata lokaci.

Amma a ƙasarmu akwai abin lura. Mai irin wannan ƙira wurin 'yan gwangwan yake samo kaya, kuma tsohon batirin mota cike yake da dalma, ita ce kuma ake narkawa a liƙe waya. Mutanen ƙauyen Yargalma ba sa buƙatar a gaya musu mene ne dalma: a 2010 ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. In yaro ya zauna haɗa injinsa, ya yi a fili nesa da madafa, kada ya fasa batir, kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya sa shi a kwanon tuwo.